Neman Gidan Haya Mai Sauƙin Kuɗi a Abuja: Tambayoyi da Amsoshi ga Sabon Zuwa

Waɗannan su ne tambayoyin da 'yan'uwa masu shirin komawa Abuja suka fi yi, wanda ya samu aikin gwamnati, da ɗan bautar ƙasa, da ɗan kasuwar da zai buɗe shago, da wanda aka yi wa canjin wurin aiki. Mafi yawan amsoshin za su yi wa mai zuwa Legas ko Fatakwal amfani, amma da Abuja aka gina su.

Na samu aiki a Abuja. In kama gida tun ina garinmu, ko in bari sai na iso?

Ka bari sai ka iso. Kada ka tura wa kowa ko sisi a kan gidan da ƙafarka ba ta taka ba, ko da an turo maka hotuna da bidiyo ta WhatsApp. Ka fara neman masauki na mako biyu ko wata guda wurin ɗan'uwa, ko abokin karatu, ko ɗan garinku. Wannan ba abin kunya ba ne, kusan duk wanda ka gani da gidansa a Abuja a ɗakin wani ya fara kwana. Sai dai ka faɗa wa mai masaukinka ranar da kake sa ran tashi, ka riƙa sa hannu a cefane da katin wuta, don kada zumunci ya yi tsami. A cikin makonnin nan ne za ka san hanyar wurin aikinka, da kuɗin mota, da unguwannin da za ka iya zama. Wanda ya kama gida cikin gaggawa shi ne yake biyan kuɗi mafi yawa, domin dillali yana ganin gaggawa a fuskar mutum.

Wace unguwa ce ta fi araha?

Abuja hawa-hawa ce. Maitama, Asokoro, Wuse 2 da Guzape ka cire su daga lissafi, sai fa in wurin aikinka ne zai biya. Garki, Wuse, Utako, Jabi da Gwarinpa suna biye da su, kuma a nan abin da mai ƙaramin ƙarfi ke samu shi ne ɗakin bayan gida, wato boskwata. Talaka da matsakaicin ma'aikaci a bakin hanyoyi uku suke zaune.

Ta hanyar Keffi akwai Nyanya, Karu, Jikwoyi, Kurudu da Karshi, sannan in ka tsallaka iyaka ka shiga Jihar Nasarawa akwai Mararaba, Ado, Masaka. Ta hanyar Kubwa akwai Dutse Alhaji, Kubwa, Bwari, Dei-Dei da Zuba, sai Madalla da Suleja a Jihar Neja. Ta hanyar filin jirgi akwai Lugbe, Kuje da Gwagwalada. Ban da waɗannan akwai unguwannin da ke maƙale a jikin birni, irin su Mpape a bayan Maitama, da Karmo, Gwagwa, da tsofaffin ƙauyukan Gbagyi da birnin ya cim musu, kamar ƙauyen Garki da na Durumi.

Ƙa'idar da ba ta cika saɓawa ba ita ce, duk nisan da ka ƙara daga tsakiyar gari, kuɗin haya na raguwa. Haka kuma a cikin unguwa ɗaya, gidan bakin kwalta ya fi wanda sai ka hau babur ka shiga lungu tsada. Saboda haka ka fara da tambayar kanka a ina za ka riƙa wuni. Mai aiki a filin jirgi ko Sakatariyar Tarayya ya duba Lugbe. Mai harkar katako ko kayan gini a Dei-Dei ba shi da abin yi a Masaka, komai arahar ɗakin.

To me zai hana in tafi can nesa in huta da tsadar haya?

A nan ne mutane da yawa ke yin asara ba su sani ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Ɗauki biro ka yi lissafi. A ce ɗakin nesa ya fi na kusa sauƙi da naira 200,000 a shekara, amma kullum za ka ƙara kashe naira 1,000 a zuwa da dawowa. Kwanakin aiki 22 a wata, sau wata 12, ya kama naira 264,000. Ka ga ɗakin arahar ya fi tsada, ba a ma sa kuɗin babur daga bakin titi zuwa gida ba.

Sannan akwai abin da ba a biya da naira. Je ka tsaya a gadar Mararaba da ƙarfe shida na safiyar Litinin. Za ka ga ma'aikata riƙe da jaka suna bin mota da gudu tun ba ta tsaya ba, mata da goyo suna kokawar shiga, motoci sun yi layi tun daga Nyanya har gangaren Kugbo suna tafiya taku-taku zuwa mahaɗar AYA da ke Asokoro. Da yawa cikinsu sun fito tun kafin a kira assalatu, a hanya suke yin asuba, kuma sai bayan isha'i za su ga gida. Mutum na iya jure wannan, dubbai na jurewa, amma ka san da shi kafin ka sa hannu. Shawarata ita ce, duk unguwar da ka yi niyya, ka gwada tafiyar da kanka a ranar aiki, da safe da kuma yamma. Kada ka gwada ranar Lahadi, hanya a buɗe take, za ta yaudare ka.

Ga wanda ke tashi aiki da dare, nisa na da wani haɗarin: 'yan fashin da ke fakewa da motar haya, waɗanda ake kira wan-cans. Ka saba da shiga mota a tasha, ko da ta fi ta bakin hanya tsada.

Dillali ya ce haya naira 600,000 ce. Iya abin da zan tanada ke nan?

A'a. Ka tambaye shi jimillar kuɗin shiga gaba ɗaya. A al'adar Abuja ana ɗora la'adar dillali, galibi kashi 10 cikin ɗari, da kuɗin lauya ko na yarjejeniya, shi ma sau da yawa kashi 10, da kuɗin ajiya na ɓarna wanda ya kamata a mayar maka ranar tashi. In gidan a cikin rukunin gidaje yake, akwai kuɗin hidima na maigadi, kwashe shara da famfon ruwa. Gidan 600,000 zai iya kai ka kusan 800,000 kafin a miƙa maka makulli, ba ka sayi katifa ba, ba ka yi fenti ba.

Ana neman ragi a kan duk waɗannan. Kuɗin lauya musamman: idan takardar da za a ba ka fom ne da aka buga a shagon kwamfuta, ba lauyan da ya taɓa ta, kana da bakin cewa a rage. La'ada da kuɗin lauya sau ɗaya ake biya, a shekarar farko. Kada ka yarda a sake karɓar su lokacin sabunta haya. Wannan ne ma ya sa yawan tashi daga gida zuwa gida ke cinye kuɗi, domin kowane sabon gida sabuwar la'ada ce.

Ana iya samun gida ba tare da dillali ba?

Ana samu, kuma yawancin ɗakunan da ke da araha ta gaskiya ba sa kaiwa hannun dillali, a baki suke ƙarewa. Ka faɗa wa kowa kana nema: abokan aiki, masinjan ofis, direba, limamin masallacin unguwa, mai shayi, mai wanki da guga. Masu gadi da 'yan ga-ruwa sun fi kowa sanin gidan da ake kwashe kaya, domin su ke shiga kowace ƙofa. A unguwanni da dama akwai Sarkin Hausawa, kuma ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya suna da zaurukan WhatsApp da ake sanar da ɗaki. Abin da ya fi daɗi shi ne ka samu wanda aka yi wa canjin aiki zai tashi, ya kai ka wurin mai gida hannu da hannu. Ko a haka, ka yi sabuwar yarjejeniya da sunanka. Kada ka zauna a kan rasit ɗin wani.

Ba ina cewa dillalai duka macuta ba ne. Akwai na ƙwarai, masu ofis da aka sani, waɗanda ke rage maka wahalar yawo. Ka nemi wanda wani da ka yarda da shi ya taɓa kama gida ta hannunsa.

Yaya zan gane ɗan damfara?

Alamarsa ta farko farashin da ya yi kyau fiye da kima: fulat mai ɗaki biyu a Wuse da kuɗin ɗaki ɗaya a Kubwa. Ta biyu matsin lamba: "Alhaji, wani ya riga ya gani, yau da yamma zai biya, ka sa wani abu a riƙe maka." Ta uku, mai gidan kullum ya yi tafiya, ko yana ƙasar waje, ba a ganinsa. Akwai kuma masu rayuwa a kan kuɗin duba gida, su karɓi 'yan dubbai su zagaya da kai gidajen da an riga an kama. Mafi muni shi ne a karɓi kuɗin ɗaki ɗaya daga mutum uku ko huɗu, a sa musu rana ɗaya, su haɗu a ƙofa kowa da kayansa.

Maganin duka ɗaya ne. Ka ga mai gidan ido da ido, ko lauyansa ko wakilin da ke da takardar wakilci. Ka koma gidan kai kaɗai, ba dillali, ka yi sallama da masu haya a ciki ka tambaye su wa suke biya. Sunan da suka faɗa ya zo daidai da sunan da ke kan asusun bankin da aka ba ka. Ka biya ta banki domin shaida ta zauna, kuma a ba ka rasit da makulli a ranar. Gidan da ba a gama ginawa ba, aka ce ka biya a ƙarasa da kuɗinka, ka yi nesa da shi sai in ka san mai shi sani na haƙiƙa.

Na ga ɗaki ya yi mini. Me zan duba kafin in biya?

Ruwa tukuna. Ruwan famfo na gwamnati, wanda ke zuwa daga madatsar Usuma, bai kai yawancin unguwannin bayan gari ba. Tambayi ko gidan na da burtsatse, wa ke biyan wutar tayar da ruwa, kuma ko rijiyar na ƙafewa a watan Fabrairu da Maris. Buɗe famfo da hannunka. In ka ga jarkoki jere a ƙofar kowane ɗaki, ka samu amsa, sai ka tambayi nawa ake sayar da kurar ruwa guda ka sa a lissafin wata.

Sai wuta. Mitar kati ce ko bil ake kawowa? Taka ce kai kaɗai, ko ta haɗaka ce da maƙwabta? Mitar haɗaka ita ce tushen rabin faɗan gidan haya, mai firiji da hita da wanda ƙwan fitila ɗaya ne a ɗakinsa ba za su taɓa yarda da rabo ba. Ka nemi a nuna maka rasit ɗin kati na ƙarshe, domin wasu mitocin na ɗauke da bashin wanda ya tashi, duk katin da ka saya sai an zaftare wani abu. Ka kuma tambayi rukunin da layin yake. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, masu alƙawarin awa 20 a rana, zuwa sama da naira 200 kowane yunit. Wutar na samuwa, amma mai ƙaramin albashi zai ji a jikinsa.

Sai damina, kuma a nan na fi son a tsaya. Gida a rani duk lafiyarsa lau. Ɗaga kai ka dubi silin: tabo ruwan ƙasa mai zagaye yana nufin yoyo. Durƙusa ka dubi gindin bango: in fenti ya kumbura yana ɓarewa, ko ka ga sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, sama kuma tsoho, to danshi ake ɓoyewa. Fita waje ka dubi katangar maƙwabta, ruwan da ya taɓa kwanciya yakan bar layi a jikin bulo. Abuja gari ne na tudu da kwari da rafuka, kuma an yi gine-gine da yawa a kan hanyar ruwa. Mutanen Lokogoma sun sha fama da ambaliya, haka rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe, inda ruwa ya shanye gidaje a watan Yunin 2023. Ba gidajen talakawa kaɗai abin ke shafa ba. Tambayi mai shagon kusa: "Malam, in an yi ruwa da yawa mota na shigowa nan?" Shi ba ya cin la'ada, zai faɗa maka gaskiya.

A ƙarshe ka dawo da dare. Ka ji ƙarar janareta, ka ga ko akwai mashaya ko gidan rawa a kusa, ka ga ko layin na da haske da 'yan sintiri, ka duba ko wayarka na samun sabis a cikin ɗaki.

Ana ta maganar rusau. Ya shafi ɗan haya?

Ƙwarai kuwa. Abuja tana da taswirar da aka tsara ta a kai, kuma tun zamanin da Malam Nasir El-Rufa'i ya riƙe ministan birnin, daga 2003 zuwa 2007, rusau bai tsaya ba. Ɗakunan da suka fi araha kusa da gari yawanci a filayen da ba su da takardar gwamnati suke. In katafila ta zo, mai gida ya yi asarar gini, kai kuma ka yi asarar kuɗin shekara, kuma da wuya ka ga an mayar maka. Duba jikin katanga ko akwai jan fenti na hukuma, ko alamar an shafe shi. Ka guji gidan da ke ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko a bakin rafi, ko a gefen titin da ake faɗaɗawa. In dole ce ta sa ka zauna a irin wannan wuri, ka roƙi biyan wata shida-shida, kuma kada ka kashe kuɗi wurin gyara.

Mai gidan mutumin kirki ne, ɗan garinmu ma. Sai mun yi takarda?

Sai kun yi. Rubutu ba rashin yarda ba ne, ayar bashi a Suratul Baƙara ma ta yi umarni da a rubuta. Mai gida na iya rasuwa, magada su zo ba su san ka ba, ko ya sayar da gidan. Takardar ta ƙunshi sunayenku, adireshin gidan, kuɗin, ranar shiga da ranar ƙarewa, wanda gyara ke kansa, sharaɗin mayar da kuɗin ajiya, da tsawon notis. Duk gyaran da aka yi maka alƙawari a yi shi kafin ka biya, ko a rubuta cewa za ka yi a cire daga haya. Ranar shiga ka ɗauki hoton ko'ina, har da lambar da ke kan mita.

Ba ni da kuɗin shekara a dunƙule. Ana biyan wata-wata?

Da wuya. A Legas dokar haya ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya a yawancin sassan jihar. A Abuja an taɓa kai ƙudirin biyan wata-wata gaban Majalisar Dattawa a 2022, amma abin da ake yi a ƙasa shi ne shekara, wasu ma su nemi biyu a sabon gini. A unguwannin bayan gari, in ka samu mai gida kai tsaye, ana iya daidaitawa a kan wata shida ko biya biyu.

Ka tambaya a wurin aikinka ko akwai ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata, da yawa suna ba da rance a cire a albashi sannu a hankali. Ka guji manhajojin bashi na waya, ruwansu na da yawa, kuma in ka makara sai su bi lambobin wayarka suna tozarta ka. Daga watan da ka shiga, ka raba kuɗin hayar shekara kashi 12 ka riƙa ware kashi ɗaya duk wata, ko ka shiga adashi ka nemi kwasarka ta faɗo wata guda kafin haya ta ƙare. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, gaskiya ba zai iya riƙe ɗaki shi kaɗai kusa da gari ba, sai haɗaka.

To haɗakar fa, tana da kyau?

Tana da kyau in an yi ta a fili. Mai gida ya sani, sunan kowa ya shiga takarda, ku yi magana tun farko a kan baƙi, girki, katin wuta, da abin da za a yi in ɗaya zai tashi kafin shekara ta cika.

Ni mace ce, ba ni da aure, ana ta hana ni gida. Yaya zan yi?

Wannan na faruwa, kuma zalunci ne. Mace ta zo da aikinta da kuɗinta na halal a ce sai ta kawo miji. Samari marasa aure ma na shan irin wannan, haka wani a ƙi shi saboda ƙabilarsa ko addininsa. 'Yar'uwa, ki sa a tambayi sharuɗɗan mai gida tun a waya kafin ki ɓata kuɗin mota. Ki tafi da katin shaidar aiki, da wani babba, yaya ko kawu ko shugabar wurin aiki, wanda zai tsaya miki. Kada ki ƙirƙiro mijin ƙarya, ranar da asiri ya tonu shi zai zama hujjar korar ki. Kada kuma ki je duba gida ke kaɗai da dillalin da ba ki sani ba. Gidajen da kamfani ko lauya ke kula da su sun fi sauƙin wannan matsala, domin su takarda da biya suke dubawa.

In taho da iyali gaba ɗaya?

In da hali ka fara zuwa kai kaɗai, ka zauna da gindinka, sannan su biyo ka. Gidan iyali na da ƙarin sharuɗɗa: makarantar boko da Islamiyya da yara za su iya zuwa a ƙafa, asibiti, kasuwa, da banɗakin da ba na haɗaka da gwauraye ba. Kuɗin makaranta a bayan gari ya fi sauƙi sosai, wannan na cikin abin da ke sa magidanta zaɓar Suleja ko Mararaba duk da wahalar hanya.

Mai gida ya ƙara kuɗi, ya ce in ban biya ba in fita cikin mako guda. Yana da wannan ikon?

Ba ya iya ƙara kuɗi a tsakiyar shekarar da ka riga ka biya. In ta ƙare yana iya neman ƙari, kai kuma kana iya neman ragi, kuma ɗan hayan da ke biya a kan lokaci yana da bakin magana, domin mai gida ma ba ya son ɗaki ya zauna wata uku a rufe.

Game da tashi, dokar karɓar gida da ke aiki a Abuja ta ce, in ba ku rubuta wani abu daban ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata guda ake ba shi, mai zaman shekara-shekara kuma wata shida, sannan a biyo da notis na kwana bakwai kafin a tafi kotu. Ka lura da wannan: idan takardarku ta ce haya ta shekara ɗaya ce tak mai ranar ƙarewa, to da ranar ta wuce notis ɗin kwana bakwai kaɗai ya rage. Shi ya sa ake karanta sashen notis kafin a sa hannu. A kowane hali, kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Cire ƙofa, yaye kwano, yanke wuta ko watsa kaya waje duk saɓa doka ne. In an yi maka haka ka ɗauki hoto, ka tattara rasit da yarjejeniya, ka nemi lauya ko ofishin hukumar ba da taimakon shari'a ga marasa ƙarfi. Wanda ke Mararaba ko Masaka kotunan Jihar Nasarawa zai nufa, na Suleja da Madalla kuma na Jihar Neja.